Inda Rahoto Ya Daina Zuwa

Wanda ya tashi daga Kazaure ya nufi Daura zai ratsa wani gari na ƙasar 'Yankwashi wai shi Achilafiya. Kunnen Bahaushe in ya ji sunan nan addu'a ya ke ji, watau a ci lafiya. Kuma alhamdu lillahi, mutanen wannan gefe, daga Roni da Gwiwa har Babura, ba su ga irin abin da 'yan'uwansu na Borno da Zamfara da yammacin Katsina suka gani ba. Ana noma, ana cin kasuwa, yara na zuwa makaranta. Saboda haka in aka ta da maganar ɓarnar da tashin hankali ke yi wa lafiyar jama'a, da yawa cikinmu sai su ɗauka labarin wata ƙasa ne mai nisa. Mu kuwa a ganinmu wannan kuskure ne, kuma malaman makaranta da akawuna su suka fi cancanta su fara gane shi, don kuwa abin da za mu faɗa ya shafi takarda da rajista fiye da yadda ya shafi bindiga.

Bari mu fara da lissafi. A cikin shekarar 2021 Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙiyasin mutanen da rigimar Boko Haram ta ci a arewa maso gabas, daga farkonta zuwa ƙarshen 2020. Ta ce sun kusa 350,000. A cikinsu kimanin 35,000 ne kaɗai makami ya kashe. Sauran, watau wajen 314,000, yunwa da cuta da rashin magani suka yi ajalinsu, kuma tara cikin goma na dukan mamatan yara ne da ba su kai shekara biyar ba. To, a duba. Duk mutum ɗaya da harsashi ya kayar, akwai kusan tara da suka bi shi ba tare da an ji ƙara ba. Ba a buga sunayensu a jarida ba, ba a yi shelarsu a rediyo ba. Gudawa ce, ƙyanda ce, zazzaɓin sauro ne, naƙuda ce ta zo da gardama cikin dare ba mota ba ungozoma.

Wanda ke so ya ga yadda abin ke kasancewa a ƙasa ya tuna da Bama. A watan Yuni na 2016 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta sami shiga garin na 'yan sa'o'i, ta tarad da mutum wajen 24,000 cunkushe a harabar asibiti, soja na gadinsu. A gefen sansanin suka ƙidaya kaburbura 1,233 da aka haƙa cikin shekara guda, 480 daga ciki na yara ne. Ba hari aka kai wa mutanen nan ba. Sun tsere wa harin ne, sa'an nan abin da ya biyo bayansa ya cim musu. A ƙarshen shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi asibitoci da ɗakunan shan magani 743 na Jihar Borno ɗaya bayan ɗaya, ta iske kashi 35 cikin ɗari an rushe su ƙurmus, kashi 29 kuma an lalata wani sashe nasu.

Amma rushewar gini ba ita ce babbar hasara ba, don gini a kan sāke shi cikin rani guda in akwai kuɗi. Abin da ya fi wuyar mayarwa shi ne idon hukuma, watau hanyar da labarin ciwo ke bi daga ƙauye ya kai gaban wanda zai ɗauki mataki. A nan ne labarin shan inna ya zama darasi, kuma za mu ɗan daɗe a kansa.

A ranar 24 ga Yuli, 2014, aka sami yaro a Sumaila ta Jihar Kano wanda ƙwayar shan inna ta asali ta shanye masa jiki. Daga shi sai aka ji shiru. Wata ya bi wata, shekara ta cika ba a sami ko ɗaya ba. A watan Satumba na 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire Nijeriya daga cikin ƙasashen da cutar ta yi wa kaka-gida. Aka yi murna, kuma murnar na da dalili, don an sha wuya kafin a kai nan. Aka shiga ƙidayar kwanaki, don ƙa'ida ita ce sai an shekara uku cur ba a ga ƙwayar ba kafin a ba da shaidar an rabu da ita. Ana cikin haka, a watan Agusta na 2016, sai ga yara biyu a Borno, ɗaya daga Gwoza ɗaya a Jere, ƙafa ta shanye. Bayansu aka ƙara samun biyu a Monguno. Da masana suka duba ƙwayar a ɗakin bincike, sai suka ga 'yar gidan wadda aka gani a Borno ce tun 2011. Ashe ba tafiya ta yi ta dawo ba. Tana nan shekara biyar tana yawo daga cikin yaro zuwa cikin yaro a garuruwan da ke hannun 'yan tawaye, inda ba mai ɗiga magani da ke shiga, ba kuma takardar da ke fitowa.

Yaya cuta za ta shekara biyar ba a gan ta ba? Dalili biyu ne. Na farko halin cutar ne: cikin yara ɗari biyu da ƙwayar ta shiga, kusan ɗaya ne kaɗai ke shanyewa, sauran suna wasa garau alhali suna zubar da ita cikin bayan gida, tana komawa ruwa da abinci. Na biyu kuwa hanyar gano ta doguwa ce, kuma ko wane taki nata yana bukatar zaman lafiya. Sai uwa ta lura ƙafar ɗanta ta saki. Sai ta faɗa wa mai unguwa ko malamin asibiti. Sai jami'in sa ido ya hau babur ya je ya karɓi bayan gidan yaron sau biyu cikin kwana goma sha huɗu, ya sa a akwatin sanyi. Sai akwatin ya kai ɗakin bincike na Maiduguri ko na Ibadan bai huce ba. In aka cire taki ɗaya cikin waɗannan, shi ke nan, a littafin ofis za a rubuta babu.

Nan ne mu ke so akawu ya tsaya ya yi tunani. A takardar rahoton wata, gidan da aka rubuta sifiri da gidan da aka bari fili kamanninsu kusan ɗaya ne, amma tsakaninsu akwai nisan sama da ƙasa. Sifiri na nufin an je an duba ba a samu ba. Fili na nufin ba wanda ya je. In akawu ya haɗa jimla ya ɗauki fili a bakin sifiri, don takardarsa ta fita tsab ta faranta wa na sama rai, to, ya rubuta lafiya a inda babu sai shiru. Mun san wannan hali a aikin makaranta ma. Makarantar da ba ta taɓa aiko da ƙorafi ba, sau da yawa ba don kome na tafiya daidai ba ne, don dai ba wanda ya rage a cikinta da zai riƙe alƙalami.

Da abin ya bayyana sai da aka ta da ƙasashe biyar na kewayen Tafkin Chadi, watau Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru da Afirka ta Tsakiya, aka yi ta ɗiga wa miliyoyin yara magani zagaye bayan zagaye. Aka sa masu riga-kafi a ƙofofin sansani da tashoshin mota da bakin kasuwa, duk yaron da ya fito daga daji a tare shi. Wasu suka bi ayarin soja da 'yan ƙato-da-gora zuwa ƙauyukan da ba a shiga sai da rakiya. Aka kuma nemi mutanen da ke shiga da fita waɗannan wurare don fatauci, aka roƙe su su riƙa kawo labarin duk yaron da ya shanye. Da haka aka kai ranar 25 ga Agusta, 2020, da aka ba nahiyar Afirka shaidar rabuwa da ƙwayar shan inna ta asali. Rigimar Borno ta jinkirta wannan rana da shekara uku.

Kada a ɗauka mu kaɗai abin ya samu. Siriya ta rabu da shan inna tun 1999, yaƙi ya dawo da ita a lardin Dairuz Zur a 2013. Gaza ta shekara ashirin da biyar ba ta ga ko ɗaya ba, sai a Agusta na 2024 aka sami jariri ɗan wata goma ya shanye. A Yaman, da yaƙi ya lalata famfo da magudanai, waɗanda a ke zato kwalara ta kama sun haura miliyan ɗaya kafin ƙarshen 2017. Ko ina hanyar ɗaya ce.

Akwai kuma mutanen da aikin ke kansu. A ranar 8 ga Fabrairu, 2013, 'yan bindiga suka shiga ɗakunan shan magani biyu a cikin birnin Kano suka harbe masu aikin riga-kafi tara, akasarinsu mata masu neman ɗan abin da za su rufa wa kansu asiri. A watan Maris na 2018 aka kai hari Rann ta Kala-Balge aka sace ma'aikatan jinya uku mata. Biyu cikinsu, ungozomomi masu aiki da ƙungiyar agaji ta Red Cross, an kashe ɗaya a Satumba, ɗaya a Oktoba. A Disamba na 2023 aka ɗauke wata likita daga gidajen ma'aikata na Asibitin Ido na Ƙasa da ke Kaduna, ta yi wata goma a hannu, har abokan aikinta na ƙasa duka suka yi yajin aiki a kanta. Ko wane ɗaya cikin waɗannan labaru ba ya tsayawa a kan wanda abin ya sama. Ungozoma ɗari ke jinsa, ko wacce ta shiga neman a mai da ita birni. Ba kuwa za mu zarge su ba. Uban da ya sha wahala ya karantar da 'yarsa har ta fita makarantar ungozoma, in aka ce an tura ta wani ƙauye a bakin Dajin Rugu, kowa ya san amsar da zai bayar. Sai a wayi gari ginin asibiti na nan, fenti sabo, allo na rataye, amma kwado ne a ƙofa.

Da ma amana tsakanin talaka da mai allura ba ta da kauri. Gwajin maganin da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar tabo, kuma a 2003 aka dakatar da riga-kafin shan inna a Kano bisa zargin akwai abin hana haihuwa a ciki. Kafin a koma a Yuli na 2004 ƙwayar ta riga ta kama hanya, daga baya kuma ta shiga ƙasashe wajen ashirin, har Yaman da Indunusiya. Sarakuna da malamai sun yi shekaru suna ɗinke wannan ɓaraka. Tashin hankali kuwa warware ɗinkin ya ke yi, don mutumin da ya ga an kasa tsare masa shanu da 'ya'ya ba ya saurin yarda in aka zo masa da ɗigon magani kyauta. Ya kan ce, da muka yi kuka ba ku zo ba, yau me ya kawo ku? Tambaya ce mai ɗaci, amma ba ta wauta ba ce.

Yanzu mu matso gida. Gwiwa da Roni da 'Yankwashi duk sun yi iyaka da Jihar Katsina, kuma a yammacin jihar nan, a ƙasashen Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari, 'yan bindigar daji sun shekara da shekaru suna hana mutane sakat. Wannan ba irin yaƙin Borno ba ne, ba tuta ba da'awar mulki, amma wajen lafiya sakamakon ɗaya ne. Manomi ba ya iya zuwa gonar nesa, ko kuwa sai ya biya haraji kafin ya shuka, ya sāke biya kafin ya girbe. An kore shanu, saboda haka ba nono. Abin da ya rage a rumbu an sayar an biya kuɗin fansa. Daga nan sai tamowa, kuma yaron da tamowa ta ci ba ya jure ƙyanda ko gudawar da ƙosasshe zai yi kwana uku ya tashi. Tun 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi neman mafaka. A watan Yuli na 2025 ƙungiyar MSF ta ba da sanarwa cewa yara 652 sun mutu da tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Gaskiya ce ba rashin tsaro kaɗai ya jawo wannan ba, akwai tsadar abinci, akwai kuma janye tallafin da Amurka da wasu ƙasashen Turai suka yi. Amma a lura, waɗannan 652 su ne waɗanda suka iso aka rubuta su. Na bayan daji ba su shiga lissafi ba.

Akwai wata magana da ya kamata a faɗe ta da ladabi amma a fili. Matakan da hukuma ke ɗauka don murƙushe ɓarayi su ma suna da nasu kuɗin da marasa lafiya ke biya. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a Zamfara da ƙananan hukumomi goma sha uku na Katsina, an rufe kasuwannin dabbobi, an hana sayar da mai a jarka, an taƙaita hawan babur. Ba mu ce ba dalili ba, dalilin a bayyane ya ke. Amma wayar nan da ɗan fashi ke kiran mai kai masa rahoto, ita ce miji ke kiran mai mota in matarsa na zubar da jini. Babur ɗin nan shi ne motar asibitin ƙauye. Man jarka shi ke ta da injin da ke riƙe maganin riga-kafi tsakanin awo 2 da 8 na sanyi, wanda in ya wuce haka ya daɗe sai ya zama ruwan banza. In za a sāke irin wannan doka, ya kamata likita ya zauna a teburin da a ke yanke ta, a fitar wa asibiti da ƙofa tun kafin a sa hannu.

Makaranta ma ta shiga ciki. Bayan sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disamba na 2020, da 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairu na 2021, an rufe makarantu da yawa a jihohin arewa maso yamma na tsawon watanni. Kowa ya yi maganar karatun da aka rasa. Kaɗan ne suka tuna cewa a ƙauye makaranta ita ce wurin da a ke tara yara a ba su maganin tsutsar ciki, nan a ke yin allurar sanƙarau, kuma malami ne mutum na farko da ke lura in yara biyar na unguwa ɗaya sun yi fashi rana ɗaya.

To, ina ruwan Achilafiya? Ruwanta shi ne hanya. Tun zamanin kakanninmu cuta hanya ta ke bi. Murar nan ta 1918 da tsofaffi suka kira marisuwa, a ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko ta sauka Ikko daga jirgin ruwa, ta hau jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 'yan makonni, alhali ba wanda ya harba bindiga a Kano. Yau titin Kano zuwa Daura ya ratsa ta tsakiyar ƙasar Kazaure, fatake na zuwa Maigatari ko wace Alhamis daga ko ina har daga Nijar, almajirai na tafiya, 'yan ci-rani na dawowa, ana aurayya da mutanen Katsina. Kuma wanda aka ƙone wa gari dole ya nemi inda dangi su ke. Yaron da aka haifa a ƙauyen da mai allura ya shekara huɗu bai shiga ba, ba a yi masa ta mako shida ba, ba ta mako goma ba, ba ta mako goma sha huɗu ba, balle ta ƙyanda ta wata tara. Ita ƙyanda kuwa sai yara 95 cikin ɗari sun sami riga-kafi kafin gari ya zama ganuwar da ba ta iya hudawa. Mu kanmu ba mu kai nan ba ko a lokacin kwanciyar hankali. Kwalarar 2021, wadda ta ci fiye da mutum 3,000 a Nijeriya, Jigawa na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Mashaƙon da ya ɓarke a Kano a ƙarshen 2022 ba yaƙi ya kawo shi ba, giɓin riga-kafi ne, amma ya nuna abin da ke jiran duk inda yaran da ba a yi musu allura ba suka taru. Har wa yau akwai wani reshe na shan inna da ke tasowa inda riga-kafi ya yi ƙaranci ƙwarai, wanda ya shanye yara fiye da 400 a ƙasar nan a 2021, kuma a shekarun da suka biyo baya ya fi zama a jihohin arewa maso yamma.

Kada wani ya karanta wannan ya ce ashe maganin abin a rufe wa baƙo ƙofa. Wannan shi ne mafi munin abin da za a yi, ko an ajiye maganar zumunci da addini gefe. Wanda ya san za a kore shi ba ya zuwa gaban mai unguwa, sai ya sauka a kango ko bayan tasha, ɗansa ya yi ciwo ya ɓoye shi. Watau mun gina ɗan ƙaramin Borno a cikin garinmu da hannunmu, wurin da ba rahoton da ke fita.

Tsohuwar al'adar nan ta zamanin En'e, cewa baƙo ba ya kwana a gari sai mai unguwa ya sani, ya sanad da dagaci, dagaci ya sanad da hakimi, ita ce ya kamata a raya, amma a ƙara mata ƙafa ɗaya: labarin ya biya ta wurin malamin asibiti a ranar, ba don bincike ba, don a je da akwatin allura da tsinken awon hannun yara. Malamin makaranta kuma in an kawo masa sabon yaro daga wata ƙasa, ya karɓe shi ko ba takardar canji, ya tambayi katin riga-kafi, in babu ya rubuta wa asibiti 'yar wasiƙa, ya tambaya har da ƙannen da ke gida. In ya ga yaro ƙasa da shekara goma sha biyar ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, kada ya jira ƙarshen wata, don kwana goma sha huɗun nan daga ranar da abin ya fara a ke ƙidaya su. Akawun da ke haɗa rahoton ƙaramar hukuma kuwa, in wata gunduma ba ta aiko da nata ba, kada ya sa mata sifiri. Ya rubuta da jan alƙalami cewa ba ta aiko ba, ya sa kwanan wata, ya tura sama haka nan, sa'an nan ya nemi wanda zai hau babur ya je ya gano dalili.